Jar akuya a turke, katin asibiti a aljihu

Ranar da yayata ta iso gidana a Gusau da 'ya'yanta huɗu, a ƙarshen damina, abin da na fara lura da shi shi ne babban ɗanta bai sauke ƙunshin kayan da ke kansa ba sai da na ce masa ya sauke. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda aka koya masa, na tambaye shi hanya ya ce lafiya lau, daga nan kuma sai da aka yi kusan wata biyu ban ji wata magana daga bakinsa ba wadda ta wuce gaisuwa da "to" da "a'a". Shekararsa 15 a lokacin. Ba zan faɗi sunansa ko na ƙauyensu ba, kuma sai da na nemi yardarsa da ta mahaifiyarsa kafin in rubuta wannan, domin na tabbata akwai gidaje masu yawa a Zamfara da Kebbi da ke ɗauke da irin wannan yaro a zaure ko a ɗakin samari, ana kallon shirunsa ana cewa natsuwa ce.

Abin da ya koro su daga gida ba baƙon labari ba ne a wurin duk wanda ya san wannan jiha. 'Yan bindiga sun shigo ƙauyen a kan babura gab da asuba, suka kashe mutane, cikinsu har da mahaifinsa, suka kora dabbobin garin baki ɗaya. A cikin abin da aka kora akwai shanun huɗa biyu na gidansu da tumakin da shi yaron yake kiwo tun yana ɗan shekara 7. Shi ya tsira ne a kwance cikin gonar dawa, yana jin komai, ba ya ganin komai.

A gidana ba ya barci. Idan na fito cikin dare sai in tarar da shi zaune ya jingina da bango, idanunsa a kan ƙofar gida. Abinci sai an matsa masa yake cin loma uku ko huɗu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙarar babur, domin da zarar wani ɗan kabu-kabu ya wuce ta lungunmu da gudu sai jikinsa ya ɗauki rawa, gumi ya keto masa, wani lokaci ya faɗa ɗaki ya rufe ƙofa. Wanda ya san Gusau ya san babur ba ya yankewa a cikinta daga asuba har dare, saboda haka yaron yana rayuwa ne a cikin garin da ke maimaita masa safiyar nan sau ɗari a kowace rana. Da farko mun ce baƙunta ce, daga baya muka ce makoki ne, sai a yi ta ba shi haƙuri. Mahaifiyarsa tana ganin abin da ke faruwa fiye da kowa, amma ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kira, balle ta zaunar da shi ta tambaye shi abin da ke cin zuciyarsa. Mun yi addu'a, an yi masa ruƙiyya, kuma malamin da ya yi masa, Allah Ya saka masa da alheri, shi ne ya ce mini a ci gaba da addu'a amma a haɗa da asibiti, domin neman magani ba ya cin karo da tawakkali.

Da na kawo maganar asibiti, yayata ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce: "Kada a riƙe man shi. Na rasa uban, kada a raba ni da ɗan." Wannan tsoro nata shi ne tsoron yawancin mutanenmu, domin idan aka ce likitan ƙwaƙwalwa abin da ke zuwa a zuciya shi ne kwantarwa, da ɗauri, da sunan hauka da zai bi yaro har ranar neman aurensa. Gaskiyar magana ita ce yawancin matasa masu ciwon damuwa ko fargaba ko firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali ba sa bukatar gado a asibiti. Jinyarsu irin ta je-ka-ka-dawo ce, wato a yanki kati, a ga likita a ranar da ya sanya, a zauna da ƙwararre a tattauna na kusan awa guda, a koma gida a kwana cikin dangi, a ci gaba da zuwa makaranta ko wurin sana'a. Kwantarwa ta wanda ke neman halaka kansa ce ko ya cutar da wani, ko wanda hankalinsa ya gushe har ba ya iya ci da sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya daga cikin kowane yara 7 masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan cututtuka suna farawa ne kafin a wuce shekara 14. Babu ƙasar da ke da gadajen da za su ɗauki wannan adadi, kuma ba a ma bukatar hakan.

Likitan da ya fara ganinsa bai yi gaggawar rubuta magani ba. Ya tambayi ko yaron ya taɓa yin farfaɗiya ko zazzaɓin da ya taɓa masa kai, ko yana shan wani abu irin su tiramadol ko sholisho, sannan ya yi wata tambaya da ban zata ba, wato ko ya taɓa zama a garin da ake niƙa dutsen zinare. Daga baya na fahimci dalili. A shekarar 2010 gubar dalma da ke fitowa daga niƙan dutsen zinare ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, waɗanda suka rayu a cikin jariran wancan lokaci su ne samari da 'yammatan yau, kuma dalma tana barin tabo a ƙwaƙwalwa wanda kan bayyana a matsayin mantuwa ko saurin fushi ko kasa karatu. Na kawo wannan ne domin duk abin da zan faɗa nan gaba game da dabbobi yana zuwa ne bayan likita ya duba yaro ya san abin da ke damunsa. Namu ba dalma ba ce. Likita ya ce firgici ne ya zauna masa, ya ce ga mai irin shekarunsa tattaunawa da ƙwararre ake fara sa wa a gaba kafin a yi maganar ƙwaya, ya haɗa mu da wata masaniyar halayyar ɗan'adam wadda za ta riƙa ganinsa duk bayan mako biyu.

Zama uku muka yi da ita ba a samu komai ba. Ɗaki ne ƙarami, da tebur, da kujeru uku, da fanka tana juyi. Ta kan ce, "Samari, yaya barci?" ya ce lafiya lau, idanunsa a kan yatsun ƙafarsa. Ta kan ce, "Me ka fi tunawa da shi idan dare ya yi?" sai ya yi shiru har ni da ke gefe in ji nauyin shirun. A hanya ina komowa da shi na yi ta juya abin a raina, har na gane cewa ba taurin kai yake yi ba, tarbiyyarsa yake bi. Mu ne muka koya masa cewa yaro ba ya kallon babba ido cikin ido, ba ya zama a kujera daidai da shi, ba ya kai ƙarar zuciyarsa, kuma namiji ba ya cewa yana jin tsoro. Sannan muka kawo shi gaban wata mace da ta girme shi, wadda bai taɓa gani ba, muka ce ya buɗe mata abin da ko mahaifiyarsa bai buɗe wa ba. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to ina za a ga fuskar yaron da aka hore shi da sunkuyar da kai? A ganina nan ne babbar matsalar jinyar matasa ta hanyar magana take a ƙasarmu, domin ciwon yana ɓuya a cikin kunya, kunya kuwa abin yabo ce a wurinmu, shi ya sa ake daɗewa ba a gano shi ba.

A zama na huɗu ta sallame shi ya jira a waje, ta ce mini, "Malam, a gida me yake yi kafin wannan abu ya faru?" Na ce kiwo. Ta yi ɗan tunani, ta ce akwai wata hanya da ake amfani da dabbobi wajen jinyar yara da matasa, kuma ko da yake asibitin ba shi da wurin ajiye dabba, za ta iya gina aikinta a kan dabbar da ke gida idan za mu iya samar da ita. Ta gindaya sharaɗi guda, wato kada mu saya mu kawo masa a matsayin kyautar ba-zata, sai an tambaye shi ya yarda, domin yaron da aka kora masa garke yana iya ganin tunkiya ciwonsa ya dawo sabo.

Ni malamin makaranta ne, ba na iya barin abu ban bi diddiginsa ba, saboda haka na shiga karatu a kan lamarin. Ashe abin ya daɗe. A shekarar 1796 aka buɗe wani gidan jinyar masu taɓin hankali a garin Yok na ƙasar Ingila, ƙarƙashin jagorancin William Tuke, inda aka guji sarƙa da duka da aka saba a wancan zamani, aka bar majinyata suna kula da zomaye da kaji a farfajiya. A Jamus ma, gidan Betel da aka kafa a 1867 domin masu farfaɗiya ya sanya aikin gona da kula da dabbobi a cikin rayuwar mazauna cikinsa. Wanda ya shigar da abin cikin jinyar yara ta zamani shi ne Boris Levinson, wani masanin halayyar yara a birnin Niyok na Amurka. Wata rana aka kawo masa wani yaro da ya ƙi yi wa kowa magana, aka iso kafin lokaci, aka tarar da karensa mai suna Jingles a ofis. Yaron ya rungumi karen, ya fara yi masa magana, sannu a hankali maganar ta kewayo ta iso ga likitan. Da ya gabatar da wannan a taron masana a 1961 wasu abokan aikinsa dariya suka yi masa, amma daga wurinsa fannin ya samu gindin zama. A jihar Niyok ɗin dai akwai makarantar Green Chimneys da aka kafa a 1947, wadda har yau yara masu matsalar ɗabi'a da damuwa suke karatu a cikinta suna kula da dawaki da awaki da tumaki, ƙwararru suna tare da su.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne wani bincike da Bente Berget da abokan aikinta suka wallafa a Norwe a 2008. Sun ɗauki majinyata 90 masu cututtukan ƙwaƙwalwa iri-iri, suka tura wasu daga cikinsu gonaki sau biyu a mako har tsawon mako 12, suna ba shanu abinci, suna share musu wuri, suna tatsa, alhali ba su daina ganin likitocinsu ba. Wata shida bayan kammalawa aka ga waɗanda suka yi aikin gonar sun fi sauran jin cewa za su iya tafiyar da al'amuransu da kansu. Manya ne aka yi binciken a kansu, ba matasa ba, amma ya nuna mini cewa lamarin bai tsaya ga kare ba. Wannan yana da muhimmanci a wurinmu, domin yawancin abin da ake rubutawa a ƙasashen Turai a kan kare ne, mu kuwa kare na farauta ne da gadi da kiwo, ba mai shigar da shi ɗaki ya kwantar a kan tabarma, kuma duk wanda ya zo wa iyaye a Gusau ko Birnin Kebbi da maganar ɗansu ya rungumi kare ya kashe maganar tun kafin ta tashi. Mu muna da jar akuyar Sakkwato, da tumaki Uda da Balami, da tattabaru da zomaye da kaji, da jaki da doki, a kusan kowane gida.

Kuma asalin fahimtar ba baƙuwa ba ce a addininmu. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Anas ɗan Malik yana da ƙane ƙarami da ake wa laƙabi da Abu Umair, wanda yake da wani ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kan ce masa, "Ya Abu Umair, me ɗan tsuntsun ya yi?" A wasu riwayoyin an bayyana cewa tsuntsun mutuwa ya yi, aka ga yaron cikin baƙin ciki. Na daɗe da sanin wannan hadisi, amma sai a wannan lokaci na lura da cewa ba a tambayi yaron kai tsaye me ke damunsa ba, ta kan tsuntsunsa aka bi aka isa gare shi. Haka kuma ya tabbata cewa babu annabin da Allah Ya aiko face ya yi kiwon tumaki, kuma an ambaci natsuwa a matsayin halin ma'abota tumaki da awaki.

Na tambaye shi bayan sallar magariba, muna zaune a ƙofar gida. Na ce ina son in fara kiwo amma ban iya zaɓen dabba ba, ko zai raka ni kara? Wannan ba dabara ba ce kawai, domin da gaske ban iya ba. Ya daɗe bai amsa ba, sannan ya ce, "Kawu, ban da tumaki." Na ce to, ban da tumaki.

A kara na ga wani yaro daban da wanda ke zaune a gidana. Dillali ya jawo mana wata akuya mai ƙiba yana ta zuba mata kirari, yaron ya tsuguna ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya ja fatar idonta ƙasa ya ga launinta, ya shafa bayanta, ya ɗaga wutsiya ya duba ko tana zawo, ya miƙe ya girgiza kai ba tare da ya ce uffan ba. Sai da ya duba biyar kafin ya tsaya a kan wata 'yar jar akuya budurwa, siririya, mai sheƙin gashi. Dillalin ya dube ni ya ce, "Alhaji, wannan yaron naka ya san dabba." Na ga kafaɗun yaron sun ɗan miƙe. Wata biyu ke nan kowa na kallonsa a matsayin abin tausayi, ran nan aka kalle shi a matsayin wanda ya san wani abu.

Daren farko akuyar ta ƙi cin harawa, ta ƙi shan ruwan dusa, tana ta kuka tana fizgar igiya a turke. Wajen ƙarfe biyu na dare na fito na tarar da shi zaune a ƙasa, taku uku tsakaninsa da ita, bai taɓa ta ba. Na ce ko in kwance ta in kai ta bayan ɗaki don mutane su samu barci. Ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Kawu, a bar ta. Tsoro taka ji. An raba ta da 'yan uwanta, kuma ba ta san wurin ga ba. In an matsa mata sai ta ƙara firgita, sai dai a zamna kusa har ta gane ba a cutar ta." Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon wannan ba tun zuwansa. Na koma ɗaki na kasa barci, domin na san ba labarin akuya kaɗai ya ba ni ba.

Da na gaya wa masaniyar abin da ya faru, daga nan ta canza salon zaman. Ta daina tambayarsa yaya barcinsa, ta koma tambayar yaya akuya ta kwana. Ta kan ce, "Ta yaya kake gane ta tsorata tun kafin ta yi kuka?" sai ya yi bayanin kunnuwa da suke miƙewa, da numfashi da ke yin sauri, da cin abinci da take dainawa. Ta ce, "To kai fa, wane wuri ne a jikinka yake fara sanar da kai?" Ya nuna ƙirjinsa. Ta koya masa ya ɗora tafin hannunsa a haƙarƙarin akuyar idan tana kwance tana tuƙa, ya ja numfashi a hankali ya sake shi a hankali har bugun zuciyarsa ya lafa, ta ce ya riƙa yin haka safe da yamma ko da bai tsorata ba, domin jiki ya saba kafin ranar bukata. Daga baya ta tsara masa mataki-mataki na fuskantar ƙarar babur. Makon farko ya fito da akuyar ƙofar gida na ɗan lokaci, mako na gaba ya kai ta bakin lungu, daga nan ya je yankan ciyawa kusa da titi, kuma duk lokacin da babur ya wuce aikinsa shi ne ya riƙe igiya ya kwantar wa akuyar da hankali. Wanda ke lallashin wani ba ya samun sukunin gudu. Sai a wata na uku ya ba ta labarin gonar dawa, kuma ya fara shi ne daga sunayen da ya sanya wa shanun huɗarsu.

Idan aka tambaye ni me akuyar ta yi, zan ce ta ba shi abin kallo na uku a cikin ɗakin da a da babu komai sai idon babba. Ta kuma ba shi dalilin tashi da asuba, domin dabba ba ta san mai ita yana cikin damuwa ba, yunwa take ji a kan lokaci, kuma masana sun daɗe da sanin cewa komawa ga ƙananan ayyuka na kullum yana daga cikin abin da ke janye mutum daga ramin damuwa. Akwai kuma abin da ke faruwa a jiki, domin bincike ya nuna cewa shafa dabbar da aka saba da ita cikin natsuwa yana iya rage bugun zuciya da sinadarin kotisol da jiki ke fitarwa lokacin tashin hankali, ko da na ɗan lokaci ne. Amma ba zan yarda wani ya karanta wannan ya tafi kara ya sayo akuya ya ce ya gama da asibiti ba. Yawancin binciken da aka yi a wannan fanni a kan mutane kaɗan aka yi shi kuma na gajeren lokaci, shi ya sa masana suke ɗaukarsa a matsayin abin da ke tallafa wa jinya. Miliyoyin yara suna kiwo a ƙasar nan kuma suna fama da damuwarsu. Abin da ya mayar da kiwon yaronmu jinya shi ne akwai ƙwararriya da ta san inda take son kai shi, tana auna ci gabansa duk bayan mako biyu, tana kuma sanin lokacin da za ta matsa da lokacin da za ta sassauta.

Akwai wani kuskure da na kusa yi wanda nake son in ja kunnen iyaye a kansa. Da babbar salla ta matso, kuɗi suka yi mini wuya, na fara lissafin sayar da akuyar in cika in sayi ragon layya, domin a wurinmu dabba dukiya ce, asusu ce da ake fasawa ranar bukata. Allah Ya sa na yi shawara da masaniyar kafin in furta a gida. Ta ce mini yaron da aka ƙwace wa garke da bindiga, idan aka sake ɗauke masa dabbar da ya jingina da ita ba da yardarsa ba, to an koya masa cewa ko a gidan kawunsa abin da yake so ba ya tsira. Saboda haka dabbar da aka ware domin irin wannan aiki kada ta zama ragon layya ko kazar baƙi, gara mace mai haihuwa wadda za ta daɗe, kuma a sanar da kowa a gidan cewa tasa ce. Ita ma dabbar tana da haƙƙi. Yaron da ciwonsa ke fita ta hanyar fushi yana iya huce haushinsa a kanta, irin wannan ba a barinsa da ita shi kaɗai. A kai ta wurin likitan dabbobi a yi mata rigakafi da maganin tsutsa, a riƙa wanke hannu bayan an taɓa ta, a kuma tafasa nononta kafin a sha saboda ciwon bakkale, wanda mutum ke iya ɗauka daga ɗanyen nono. Idan kuwa yaro ya fara maganar gara ya mutu, ko yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko ya daina ci gaba ɗaya, wannan ba maganar jiran ranar ganin likita ba ce, a kai shi asibiti a ranar.

Ina yawan tunanin 'yammata a wannan batu, domin shirunsu ya fi na samari ɓuya. A ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka sace ɗalibai mata daga makarantar sakandaren Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako 279 bayan kwanaki kaɗan. A ranar 17 ga Yunin 2021 aka afka wa kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a jihar Kebbi, wasu daga cikin 'yammatan da aka ɗauka sai da suka kusa shekara biyu a daji. Waɗannan su ne aka ji labarinsu a rediyo, bayansu akwai dubbai a ƙauyuka da sansanonin gudun hijira da ba wanda ya ƙidaya. Yarinyar da ba za a bar ta ta je bakin titi yankan ciyawa ba tana iya kula da kaji a akurki ko zomaye ko tattabaru a tsakar gida, kuma kiwon awaki da kaji dama sana'ar mata ce tun kaka da kakanni, ba wanda zai ga baƙon abu a ciki balle ya yi mata tambarin ciwo.

Abin da nake fata ya fi ƙarfin gida ɗaya. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato yana da nisan fiye da kilomita 200 daga Gusau, a kan hanyar da ba kowa ke son bi da yamma ba. Dole jinyar ta sauko kusa da mutane. Wannan ma ba sabon tunani ba ne a ƙasar nan, domin tun a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abekuta, inda majinyata ke zama a gidajen ƙauye tare da wani ɗan uwansu, su je asibiti da rana su koma cikin jama'a da yamma, tsarin da ya sa duniya ta san shi har ya kai ga zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A watan Janairun 2023 aka sanya hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ta ba majinyaci haƙƙoƙin da a da ba shi da su. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shiri tun 2008 na horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane waɗannan cututtuka su kuma fara kula da su. Idan aka horar da nas ko jami'in lafiya na karkara a kan wannan, aka samu wani lungu mai inuwa a bayan asibiti aka kafa turke biyu da akurki, aka haɗa kai da ma'aikatan lafiyar dabbobi da ke kowace ƙaramar hukuma, to za a iya yin zaman tattaunawar a tsaye, yaro yana ba akuya harawa, ma'aikaci yana gefensa, ba wanda ke kallon idon wani.

Yanzu shekara guda da 'yan watanni ke nan. Ya koma makaranta, ko da yake an mayar da shi baya da aji ɗaya. Har yanzu akwai dararen da nake jin motsinsa a tsakar gida, musamman idan labarin wani hari ya iso gari, amma yanzu wurin turke yake nufa, ba bakin ƙofa ba. Ganin masaniyar ya koma sau ɗaya a wata, kuma katin asibitin da a da nake ajiyewa a cikin littafina yanzu yana aljihunsa, shi yake tuna mini rana. Akuyar ta haifi tagwaye, mace da namiji. A zuwanmu na baya-bayan nan, muna zaune a benci muna jiran layi, ya daɗe yana kallon wani yaro da mahaifinsa ya kawo, wanda ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa. Da muka shiga, kafin a tambaye shi komai, ya ce wa masaniyar idan an yaye 'yar akuyar macen yana son a ba wancan yaron, in ta ga ya dace. Ta ce za ta fara magana da mahaifinsa, sannan a tambayi shi yaron ko yana so.